Kafin Uwa Ta Sani: Darasin Ɗaliban Likita Na Samaru Domin Gidajenmu

A Samaru, cikin Jami'ar Ahmadu Bello, akwai ɗakin da samari da 'yan mata sukan zauna layi layi, kowa ya sunkuyar da kai bisa madubin likita. Su ne masu koyon aikin likita waɗanda suke shekara ta biyu da ta uku. Ba su kai ga taɓa majinyaci ba tukuna. Kafin a yardar musu su wuce zuwa asibitin koyarwa na Shika, sai sun san yadda jikin mutum yake, sun kuma ci jarrabawa a kai. Cikin darussan da suke fama da su akwai guda biyu da za mu duba a wannan wata. Na ɗaya shi ne ilmin saƙar jiki. Na biyu shi ne ilmin girman ɗan tayi a cikin mahaifa.

Watakila mai karatu zai ce, "Ina ruwan biri da gada? Ni tela ne a Sabon Gari, matata kuwa kayan miya take sayarwa a kasuwa." To, ɗan'uwa, da ruwanka ƙwarai. Gama babban abin da ɗaliban nan suke koyo shi ne, kusan dukan gaɓoɓin jariri ana kafa su ne cikin makonni takwas na farko, wato sa'ad da uwa ba ta sani ba, ko kuwa ta sani amma kunya ta hana ta faɗa. Gidan da ya gane wannan zai sake shawara a kan abu uku: lokacin da za a fara zuwa awo, irin maganin da za a sha, da kuma wanda ake ɗora wa laifi idan abu ya ɓaci.

MAKARANTAR DA TARIHINTA

An buɗe jami'ar a 1962, aka kuma fara koyar da aikin likita a cikinta a 1967. Amma tun kafin wannan ƙasar Zazzau ta riga ta ba Arewa likitoci. Dokta Barau Dikko, wanda ya tashi a Wusasa ya yi karatu a Ingila, shi ne likita na farko daga cikin 'yan Arewa. Farfesa Ishaya Audu, haifaffen Anchau, likitan yara ne, shi ne kuma ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci jami'ar, daga 1966 zuwa 1975. Dukansu biyu 'ya'yan ikkilisiya ne. Asibitin koyarwa ya daɗe a Tudun Wada kafin ya koma Shika a 2005, amma darussan farko suna nan a Samaru, cikin ƙaramar hukumar Sabon Gari.

JIKI SAƘA NE

Idan ka ɗaga zane a rana za ka ga ba abu ɗaya ba ne, zare ne bisa zare. Haka jiki yake. Fata da nama da ƙashi duk an haɗa su ne da waɗansu ƙananan abubuwa masu rai da ido ba ya iya gani, ana ce da su ƙwayoyin halitta. A jikin babban mutum akwai wajen biliyan dubu 30, sun kuma fi iri 200. Idan ƙwayoyi masu aiki ɗaya suka jeru tare, shi ne muke kira saƙa. Sunan da malamai suke kiran wannan ilmi da shi ma daga kalmar Helenanci mai nufin saƙa ya fito. Mai bi ba zai yi mamakin wannan ba, gama Dauda, cikin Zabura ta 139, da aikin masaƙi ya kwatanta aikin Allah a cikin mahaifa.

Ga yadda ake shirya abin da ɗalibi zai duba. A ɗauki ɗan guntun nama, ko na hanta ko na ƙoda ko na fata, a jiƙa shi cikin ruwan magani mai suna fomalin domin kada ya ruɓe. A cire ruwan da ke jikinsa, a zuba masa narkakken kaki irin na kyandir, a bar shi ya daskare. Sa'an nan wata na'ura mai kaifin gaske ta yanka shi siriri ƙwarai. Dubi rular 'yan makaranta: ƙaramin zanen da ke jikinta shi ne milimita ɗaya. To, sai an jera yanka wajen 200 bisa juna kafin su kai kaurin wannan. Da yake yankan ba shi da launi, sai a rina shi kamar yadda ake rina zane a marina. Rini biyu aka fi amfani da su. Ɗaya daga wani itace na Amurka ta Tsakiya ake samunsa, shi yake mai da tsakiyar kowace ƙwaya shuɗiya. Ɗayan kuwa ya mai da sauran ja-ja.

Duk yawan gaɓoɓin jiki, saƙa iri huɗu ne kawai. Akwai saƙar shimfiɗa, wadda ta rufe jiki daga waje ta kuma shimfiɗe cikin baki da hanji da huhu. Akwai saƙar haɗi, wadda take ɗaure gaɓoɓi tana tokare su. Ƙashi da guringuntsi da kitse duk nata ne, har jini ma a cikinta ake lissafa shi. Akwai saƙar tsoka mai motsi, ita kuma iri uku ce: wadda muke motsawa da nufinmu, da ta zuciya, da wadda take aiki ba da saninmu ba, irin ta hanji da ta mahaifa. Ta huɗu ita ce saƙar jijiyoyin saƙo, wato ƙwaƙwalwa da laka da rassansu.

Wanda ya san kamannin saƙa mai lafiya shi zai gane marar lafiya. Domin wannan ne idan mace ta ji ƙullutu a nono, likita yakan ce a ɗebi ɗan kaɗan a kai ɗakin bincike. Ba wasa yake yi da jikinta ba. Hanyar da za a tabbatar ko ciwon daji ne ko ba shi ba ne ke nan, kuma da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.

DAGA ƘWAYA ƊAYA

Mutanen dā sun ɗauka namiji shi ke da iri, mace kuwa gona ce kurum. Sai a 1677 wani mutumin Holan mai suna Leeuwenhoek ya ga ƙwayoyin da ke cikin maniyyi da madubin da ya ƙera, a 1827 kuma Karl von Baer ya ga ƙwan dabba mai shayarwa. Daga nan aka fara gane cewa kowane ɗa rabi na uba ne, rabi na uwa.

Ƙwan mace bai wuce ɗigon tsinin allura ba, wato milimita ɗaya a raba goma. A cikinsa akwai waɗansu zarurruka 23 masu ɗauke da gadon kamanni. Bari mu kira su zaren gado. Ƙwayar namiji ita ma tana kawo 23. Sukan haɗu a bututun da ya tashi daga jakar ƙwai zuwa mahaifa, su zama ƙwaya ɗaya mai zare 46. Ƙwayar nan ta rabu biyu, biyu su zama huɗu, huɗu su zama takwas, tana rabuwa tana gangarawa. Wajen kwana na 6 ko na 7 sai ta manne a bangon mahaifa. Ƙwayoyin da ke waje su za su zama mabiyiya, na ciki kuwa su ne ɗan.

A mako na uku ƙwayoyin ciki sukan jeru hawa uku, kamar faifai uku bisa juna. Daga na sama fata da ƙwaƙwalwa da jijiyoyin saƙo suke fitowa. Daga na tsakiya ake samun tsoka da ƙashi da jini da zuciya da ƙoda. Na ƙasa kuwa shi ke ba da shimfiɗar hanji da ta huhu, da hanta. Wajen kwana na 22 zuciya takan fara bugawa, alhali ɗan tayin bai fi ƙwayar gero da yawa ba. A ƙarshen mako na huɗu hannuwa da ƙafafu sukan fara tsirowa kamar toho. Kafin mako na takwas ya cika yatsu sun rabu, fuska ta fito, tsawonsa kuma ya kai santimita 3, kamar ɗan dabino. Abin da ya rage a sauran watannin yawanci girma ne da nuna. Huhu yana cikin masu nuna a ƙarshe, shi ya sa bakwaini yakan sha wahalar numfashi.

Sai a lura da lissafi. Ɗalibai daga ranar da ciki ya shiga suke ƙirgawa, su sami makonni 38. A wurin awo kuwa daga ranar farko ta al'adar ƙarshe ake ƙirgawa, a sami 40. Domin wannan yana da kyau kowace matar aure ta riƙa sa alama a kalanda ranar da ta ga al'adarta.

KWANA ASHIRIN DA TAKWAS

Ga inda darasin ya shigo ɗakinmu. Ƙwaƙwalwa da laka sukan fara ne kamar shimfiɗaɗɗen ganye a bayan ɗan tayi. Gefe da gefe su naɗo su haɗu su zama bututu, bututun kuma ya gama rufewa wajen kwana na 28. A lokacin nan mako biyu kawai ke nan da mace ta yi ɓatan wata. Idan ƙasan bututun bai rufe ba, sai a haifi jariri da ƙari ko buɗaɗɗen wuri a gadon baya, sau da yawa ƙafafunsa ba su da ƙarfi, wani kuma ruwa ya taru masa a kai. Idan saman ne bai rufe ba, jaririn ba ya rayuwa.

Akwai abin da yake rage wannan ƙwarai, ba shi kuwa da tsada. Shi ne folik asid, 'yar ƙaramar ƙwayar nan da ake bayarwa a wurin awo tare da maganin ƙarin jini. A 1991 aka buga sakamakon wani babban bincike da likitocin Ingila suka shugabanta a kan matan da suka taɓa samun irin wannan ciki. Aka ga folik asid ya rage sake aukuwarsa da kashi 72 cikin 100. Amma ga inda gizo yake saƙar: matar da ta fara awo a wata na biyar ta karɓi ƙwayar bayan bututun ya daɗe da rufewa. Za ta taimaki jininta, amma ba za ta koma baya ta gyara abin da ya wuce ba. Saboda haka shawarar likitoci ita ce, macen da take sa ran ciki ta fara shan maikurogiram 400 kowace rana tun kafin cikin ya shiga. Wadda ta taɓa haihuwar jariri mai irin wannan lahani tana bukatar fiye da haka, sai ta ga likita. Alayyaho da wake da gyaɗa da lemun zaƙi su ma suna da shi, kada a raina su, sai dai abinci kaɗai ba kullum yake isa ba.

MABIYIYA BA GANUWA BA CE

Jinin uwa da na ɗa ba su gauraya. A cikin mabiyiya suke kusantar juna, da ɗan siririn shamaki a tsakani. Ta nan abinci da iska suke ƙetarewa su bi cibiya zuwa wurin ɗan, dattinsa kuma ya komo wurin uwa. Dā an zaci shamakin nan yana tare kowace irin cuta. Duniya ta koyi gaskiya da hawaye. A 1957 aka fara sayar da wani magani mai suna talidomaid a Jamus, ana ba mata domin barci da laulayi. Kafin a janye shi a 1961 an haifi jarirai fiye da 10,000 da lahani, da yawa ba hannu ko ba ƙafa sai ɗan dungu. Waɗanda abin ya shafa su ne waɗanda uwayensu suka sha shi tsakanin kwana na 20 da na 36, daidai lokacin da gaɓoɓi suke tsirowa.

A Sabon Gari da Samaru kusan kowane layi da kemis, ga kuma masu talla da tire, ga jiƙo da sassaƙe waɗanda ba wanda ya san ƙarfinsu. Ya 'yar'uwa, idan kin yi ɓatan wata, ko kina tsammani, kada ki haɗiyi kome sai ma'aikacin lafiya ya sani. Idan za a ɗauke ki hoton ƙashi, ki faɗa tukuna. Giya da burukutu da hayaƙin taba duk suna ƙetare mabiyiya. Amma fa kada a wuce gona da iri. Mai shan maganin farfaɗiya ko na ciwon sukari ko na hawan jini kada ta daina da kanta, ta je likita ya duba ko zai sake mata wani, in da hali tun kafin ciki. Zazzaɓi kuma ba abin zama da shi ba ne. Ƙwayoyin zazzaɓin cizon sauro sukan taru a mabiyiya su rage wa ɗa abinci, a haife shi ƙarami. A je a gwada jini a karɓi maganin da ya dace, a kuma kwana cikin gidan sauro mai magani.

Wani lokaci ƙwan yakan maƙale a bututu bai kai mahaifa ba. Bututun ba zai iya ɗaukar girmansa ba, sai ya fashe, jini ya zuba a ciki. Macen da ta yi ɓatan wata ta ji ciwo mai tsanani a gefe ɗaya na mara, da ɗigon jini ko jiri, a kai ta asibiti nan take, ko da tsakar dare ne.

WA KE DA LAIFI?

Akwai gidajen masu bi inda mace take shan gori domin ta jera 'ya'ya mata. Har akan sami uwar miji tana zuga ɗanta. To, a saurara. Cikin zaren gado akwai biyu da suke raba namiji da mace, ana kiransu X da Y. Kowane ƙwan mace X yake ɗauke da shi. Ƙwayar namiji ce wata take da X, wata Y. Idan mai X ta riga isa, a sami 'ya mace. Idan mai Y ce, a sami ɗa namiji. Ashe daga wajen maigida abin yake fitowa, shi ma kuwa ba shi da ikon zaɓa. Mama, surukarki ba ta yi miki laifin kome ba.

Haka kuma ɓari. Cikin kowane ciki goma da aka sani, ɗaya ko biyu sukan zube, yawanci a watanni uku na farko. Wajen rabin waɗannan, zaren gado ne bai jeru daidai ba tun ranar farko, ba domin ta yi daka ko ta ɗauki tulu ba, ba kuwa maita ko sammu ba. Yawancin matan da suka yi ɓari sau ɗaya sukan haihu lafiya daga baya. Abin da take bukata shi ne a kai ta asibiti a duba ta, a kuma yi mata ta'aziyya, gama rashi ta yi.

Tsagaggen leɓe ma haka ne. Leɓen sama daga sassa dabam dabam yake haɗuwa wajen mako na shida zuwa na bakwai, dasashin sama kuma bayan wannan kaɗan. Idan haɗuwar ba ta cika ba sai tsaga ta rage. Ana ɗinke ta a manyan asibitoci, yaron ya girma ya yi makaranta kamar kowa. Kada a ɓoye shi a ƙuryar ɗaki. Mu tuna da labarin mutumin da aka haifa makaho a Bisharar Yohanna sura 9. Almajirai suna neman wanda za su ɗora wa zunubi, ko shi ko iyayensa. Ubangiji Yesu bai ɗora wa kowa ba, ya warkar da shi.

Akwai dai abu ɗaya da sani tun da wuri yake hanawa, shi ne sikila. Jajayen ƙwayoyin jini kewayayyu ne, amma na mai sikila sukan lanƙwashe kamar lauje su toshe ƙananan hanyoyin jini. A Nijeriya wajen mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da rabin gadon, wato AS, yana kuwa zaune lafiya. Idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da rabo ɗaya cikin huɗu na zama SS. Ikkilisiyoyi da yawa suna neman takardar gwajin jini kafin ɗaurin aure. Gara matasa su yi gwajin tun kafin magana ta kai gaban iyaye.

ABIN DA ZARIYA TA KOYA WA DUNIYA

Daga 1976 zuwa 1979 Farfesa Kelsey Harrison da abokan aikinsa suka rubuta labarin haihuwa 22,774 da aka yi a asibiti a Zariya, ɗaya bayan ɗaya, aka buga sakamakon a 1985. Suka tarar mutuwar uwaye da jarirai ta fi yawa nesa ba kusa ba a cikin matan da ba su taɓa zuwa awo ba, waɗanda aka kawo bayan abu ya riga ya ɓaci. Suka ga haɗarin ya fi tsanani ga 'yan mata ƙanana da ƙugunsu bai gama girma ba, da matan da suka yi haihuwa da yawa. Suka kuma ga abin mamaki: 'yan matan da aka ba maganin zazzaɓi da na ƙarin jini da folik asid, da yawa sun ƙara tsawo suna ɗauke da cikin. Likitocin ƙasashe da dama sun yi amfani da wannan bincike. Zai zama abin kunya a ce mu da aka yi shi a ƙofar gidanmu ba mu amfana ba.

Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara mai juna biyu ta ga ma'aikacin lafiya sau takwas, na farko kuwa cikin makonni 12 na farko. A nan za a gwada jininta da fitsarinta, a auna hawan jini, a yi mata allurar rigakafin sandarewar jiki, bayan wata uku kuma a fara ba ta maganin rigakafin zazzaɓi.

AIKINMU

Kunyar cikin fari al'ada ce mai kyau, ba mu ce a yar da ita ba. Amarya ba sai ta yi shela a unguwa ba. Amma ta faɗa wa mijinta, ta faɗa wa ungozomar asibiti. Fasto da dattawa masu yi wa masu shirin aure gargaɗi, ku sa maganar folik asid da gwajin jini cikin abin da kuke koyarwa. Zumuntar Mata, akwai ɗaliban likita da ma'aikatan jinya da suke sujada tare da ku a Samaru da Sabon Gari da Wusasa. Ku ba ɗaya daga cikinsu rabin sa'a a taronku na wata mai zuwa, ku yi masa tambayoyi.

Kai kuma maigida, kada ka jira sai ciki ya fito kafin ka ba da kuɗin mota da na kati. Ran da uwargida ta ce maka ta yi ɓatan wata, zuciyar ɗanka ta kusa fara bugawa, ko ma ta riga ta fara. Ka rage mata aiki, ka ƙara mata wake da ganye a tukunya, ka raka ta awo cikin watan nan. Ku durƙusa tare ku yi addu'a domin wanda ba ku gani ba tukuna. Ubangiji ya kiyaye mata masu juna biyu, ya sauke su lafiya. Amin.